Underworld: Da Na 2003 Za Ka Fara Ko Da Na 2009?

Ƙanena ne ya jefo mini tambayar ranar da ya dawo daga shagon masu tura finafinai da wayarsa cike: "Yaya, wanne zan fara kallo? Mai shagon ya ce na ukun shi ne na farko." Mai shago bai yi ƙarya ba. Fim ɗin Underworld ya fito a watan Satumba na 2003, na biyunsa mai suna Evolution ya biyo a 2006, sai Rise of the Lycans a watan Janairun 2009. Wannan na ukun baya ya koma, ɗaruruwan shekaru kafin na farko, ya ba da labarin yadda gabar ta samo asali. Don haka duk sabon mai kallo yana da ƙofa biyu: ko ya bi yadda finafinan suka fito, ko ya bi yadda labarin ya faru. Masoya jerin sun daɗe suna jayayya a kan wannan, kuma jayayyar tana da tushe, domin ƙofar da ka shiga ta cikinta ita ce za ta yanke maka wa za ka ɗauka akta, wa za ka ɗauka bos.

Ba yadda za a yi a kwatanta finafinan biyu ba tare da an ɗan ɗaga murfin tukunya ba. Zan faɗi abubuwa da dama daga cikin labarin. Sirri guda ɗaya kawai zan bari a rufe, wanda ya shafi dangin Selene, saboda a kansa ne hukuncina ya rataya.

Ga wanda bai taɓa jin labarin ba: ƙabilu biyu ne da ba sa tsufa suke yaƙi a ɓoye ba tare da mutane sun sani ba. Akwai mashaya jini, waɗanda hasken rana ke ƙonawa. Kada a kira su mayu, domin maye kurwa yake kamawa, su kuwa waɗannan jini suke sha da haƙora, suna da sarauta da majalisa da dukiya. Sai marikiɗa, waɗanda fim ɗin ke kira Lycans, mutane ne da ke juyewa su zama wata dabba mai kama da kyarkeci, azurfa ce makarinsu. Wanda ya tashi yana jin labarin masu rikiɗa kura da dare ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba.

Na 2003, wanda Len Wiseman ya ba da umarni, a Budafes ta ƙasar Hungari aka ɗauke shi, kuma a zamaninmu labarin ke gudana: motoci, bindigogi, kwamfuta, ruwan sama da ba ya ɗaukewa. Kate Beckinsale ce Selene, mayaƙiya daga cikin mashaya jini da aikinta shi ne farautar marikiɗa. Fim ɗin ya buɗe da ita a tsugunne a saman wani dogon gini cikin dare, ta diro ƙasa ta ci gaba da tafiya kamar ba komai, kafin minti goma an yi ɓarin wuta a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Marikiɗa na harba harsashi mai ɗauke da haske irin na rana, mashaya jini na ramawa da na azurfa. Selene ta lura cewa abokan gaba suna bin wani matashin likita, Michael Corvin, wanda Scott Speedman ya taka, alhali ba sa bin mutane sai don ci. Daga wannan ƴar tambaya labarin ya warware, har ya kai ta ga ta da Viktor, dattijon da take ɗauka uba, daga barcinsa tun wa'adin bai yi ba.

Abin da ya riƙe masu kallo a nan shi ne juyin da labarin ke yi. Kana shiga da imanin da Selene take da shi: mashaya jini ne masu gaskiya, marikiɗa dabbobi ne na cikin magudanar ruwa, shugabansu Lucian kuma ya mutu tun ƙarnuka da suka wuce a hannun Kraven, wanda ke riƙe da gidan mashaya jini yayin da Viktor ke barci. Sannu a hankali kowanne daga cikin waɗannan yana rushewa. Lucian yana raye. Kraven maƙaryaci ne. Kuma ta dalilin cizon da Lucian ya yi wa Michael, kana hango wasu ƴan guntayen hotuna na wata mace a ɗaure, rana na saukowa kanta, wani namiji yana ihu cikin sarƙa. Ƴan daƙiƙu ne, amma su suke juya fim ɗin gaba ɗaya.

To waɗannan ƴan daƙiƙun ne aka shimfiɗa suka zama fim na minti 92 a 2009. Patrick Tatopoulos, wanda shi ya zana siffar dodannin a finafinai biyun farko, shi aka miƙa wa kujerar darakta, kuma wannan ne fim ɗinsa na farko a wannan matsayi. An ɗauke shi a Niyu Zilan. Babu bindiga ko ɗaya. Takubba ne, da dawakai, da sulke, da wasu manyan bakuna na ƙarfe da ke harba kibiya mai girman mashi daga saman ganuwa. Lucian, wanda Michael Sheen ya sake takawa, shi ne jariri na farko da kyarkeciya ta haifa da siffar mutum. Viktor ya kashe uwar, ya ɗaga hannu zai gama da jaririn, sai ya fasa, domin ya hango amfani: bayin da za su yi gadin fada da rana lokacin da iyayengijinsu ke kwance cikin duhu. Aka sa Lucian ya ciji mutane don a samu irinsa, aka maƙala wa kowannensu ƙarfen wuya mai tsinaye a ciki, yadda duk wanda ya yi yunƙurin rikiɗa zai soke kansa. Lucian ya girma ya zama maƙerin fada, bawa mafi soyuwa a wurin Viktor, kuma a ɓoye masoyin ƴarsa Sonja, wadda Rhona Mitra ta taka. Ɗan hakin da Viktor ya raina ke nan.

A nan ne masu kallo suka rabu, kuma rabuwar ta fi ban sha'awa fiye da yadda masu sharhi suka nuna. Su masu sharhi ba su raga wa ko ɗaya ba. A shafin Rotten Tomatoes, mai tattara ra'ayoyin masu sharhin fim, waɗanda suka yaba na 2003 ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, haka ma na 2009. Idan da ra'ayinsu ake bi, da jerin ya mutu tun a fim na farko. Amma na 2003, da aka kashe wa kimanin dala miliyan 22, ya tara kusan miliyan 95 a duniya. Evolution ya haura miliyan 110. Rise of the Lycans, da ya ci dala miliyan 35, ya ɗan haura miliyan 90, bayan ya buɗe da kusan miliyan 21 a ƙarshen makonsa na farko a Amurka. Da Beckinsale ta dawo a fim na huɗu, Awakening, a 2012, kuɗin ya yi tsalle zuwa wajen miliyan 160. Lambobin nan suna faɗin abu biyu a lokaci guda: jama'a ba su guje wa fim ɗin da babu Selene ba, amma kuma Selene suke zuwa gani.

Ƙorafin da ya fi yawa a kan na 2009 shi ne wannan rashi nata. Muryarta kawai ake ji a farko tana buɗe labari, sai wani tsohon hoto nata daga fim na farko da aka liƙa a ƙarshe. Wasu suka ce an ɗauko Mitra ne don tana kama da ita, baƙin gashi, farar fuska, muryar Ingilawa, don a rufe giɓi. Masu kare fim ɗin suka ce ai kamar wajibi ce, tunda labarin kansa ya ce Selene tana tuna wa Viktor da ƴarsa. Sai masu ƙwaƙƙwafi suka koma fim na farko suka dawo da hujja: Sonjar da aka nuna a waɗancan ƴan daƙiƙun farin gashi gare ta. Ni dai ina ganin na 2009 ne ya gyara kuskuren na 2003 a nan, ba ɓatawa ya yi ba, amma wanda ya kalli biyun a jere dole ya lura.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko nauyi: mun riga mun san ƙarshen. Wanda ya kalli na 2003 ya san Sonja ba za ta tsira ba, ya san yadda za a kashe ta, ya san Viktor da Lucian duk za su rayu har bayan ƙarnuka. Don haka idan suka zare takubba a ƙarshen fim, zuciyarka ba ta bugawa. Wannan ciwon duk wani fim ne da ya koma baya, kuma Tatopoulos bai samo masa magani ba.

Abin mamaki shi ne, a cikin masoyan da suka daɗe da jerin, ba wuya ka tarar da wanda zai ce maka na 2009 ne ya fi so, wasu ma su ɗora shi sama da na farko. Dalilinsu kusan ɗaya ne: ƴan wasa biyu. Michael Sheen ɗan yankin Wels ne da ya goge a dandamalin wasan kwaikwayo. Kafin wannan fim ya taka Tony Blair a 2006, ya taka ɗan jarida David Frost a 2008, finafinan da aka yi ta maganarsu a lokacin rabon kyaututtuka. Sai ga shi makonni kaɗan bayan haka da dogon gashi, ƙirji a buɗe, yana tsaye cikin kurkuku yana kiran bayi su tashi. Bai yi wasan da raini ba. Wurin da aka ɗaure shi ana zuba masa bulala, da wurin da yake kallon rana na sauka a kan Sonja alhali tana ɗauke da cikinsa, ya yi su kamar yana wasan da zai ci kyauta da shi. A na 2003 Sheen mataimaki ne, yana fitowa yana ɓacewa. A nan fim ɗin nasa ne.

Na biyun shi ne Bill Nighy a matsayin Viktor. A fim na farko sai an yi nisa sosai yake tashi daga akwatinsa, busasshe kamar kilishi. A na 2009 yana nan tun daga farko har ƙarshe, da idanu shuɗɗa masu ƙyalli, yana tauna kowace kalma, yana karkata kai kamar tsuntsu kafin ya yi magana. Wasu masu kallo dariya yake ba su, sun ce ya yi yawa. Ni ina cikin waɗanda suke ganin yawan ne daɗin. Kuma akwai wurin da ya daina wasa da murya: lokacin da majalisa ke jefa ƙuri'a a kan ran ƴarsa, kowa ya faɗi nasa, aka zo kansa. Fuskarsa a wannan wurin ta fi duk faɗace-faɗacen fim ɗin tsada. Uba ne da ya zaɓi kujera da tsarkin jinin ƙabila a kan ɗiyar cikinsa, ya kuma san abin da ya yi.

Idan aka auna ɓangaren soyayya, na 2009 ya yi wa na 2003 fintinkau. Tsakanin Selene da Michael babu wani zafi. Yawancin lokaci Michael a ruɗe yake, ko a ɗaure, ko a sume, kuma ko masoyan fim ɗin ba sa musun wannan. Lucian da Sonja kuwa tun farko-farkon fim suna tare, suna da abin da za su rasa, kuma hukuncin kama su kisa ne. Kevin Grevioux, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri labarin, wanda kuma ya taka Raze, ƙaton nan mai murya kamar daga cikin rijiya, ya karanci ilimin ƙananan halittu a Jami'ar Howard, shi ya sa a duniyar Underworld cuta ce a cikin jini ke mayar da mutum mashayin jini ko marikiɗi, ba tsafi ba. Ya kuma bayyana cewa batun soyayya tsakanin baƙi da farare na cikin abin da ya haifar masa da tunanin. A na 2003 wannan batu a ƙarƙashi yake, sai ka tona. A na 2009 a fili yake: iyayengiji da bayi, bulala, sarƙa, da tsoron kada jini ya gauraya. Murya kuma tasa ce ta gaske, ba na'ura ba.

Ta fuskar faɗa, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mai son bindiga biyu a hannu, doguwar baƙar riga na kaɗawa, da wurin nan da Selene ta harbe daɓen da take tsaye a kai ta zagaye kanta da ramuka ta faɗa hawa na ƙasa, na 2003 ne nasa. Mai son runduna ta afka wa ganuwa, kyarketai ɗari-ɗari na hawa bango, na 2009. Sai dai a faɗi gaskiya, kuɗin bai kai burin ba. Inda aka sa mutane cikin kayan dodo a kusa da kyamara, marikiɗan suna da nauyi da ban tsoro, hannun Tatopoulos ya nuna. Inda aka koma kwamfuta don a cika fili da su, sai su yi sakayau kamar ba sa taka ƙasa. An kuma yanka wasu faɗace-faɗacen da sauri har ba ka gane wa ya sari wa. Fadar ma kusan ita kaɗai ce wurin da ake gani, da ɗan daji, sai ka ji duniyar ta yi ƙunci.

Dukkansu biyun duhu ne da su, shuɗi-shuɗi da baƙi daga farko har ƙarshe, tunda jaruman ba sa fita da rana. Wanda zai kalla a waya a tsakar gida da hantsi fuskarsa kawai zai riƙa gani a gilashi. A bari sai dare, a nemi kwafi mai kyau. Na 2009 ya fi shan wahala a kwafi maras inganci, saboda hasken wutar itace da na wata kawai aka dogara da su.

Kuma ba finafinan falo ba ne. Dukkansu a Amurka an sa musu alamar R, wato ba a shigar da ɗan ƙasa da shekara 17 sai da babba. Jini ya fi malala a na 2009, ana datse kawuna, ana tsire mutane da mashi, kuma akwai fitowar kwanciya tsakanin Lucian da Sonja a saman fada tun cikin rabin awa na farko, wadda ko a can masu kallo sun yi ta yi mata ba'a saboda yadda aka shirya ta a bakin gaɓa. Na 2003 da aka nuna a silima ya fi kamewa ta wannan ɓangaren, ko da yake akwai wani kwafinsa mai ƙarin mintuna da ya ƙara irin waɗannan wurare. Wanda ke da ƙanne ko yara a kusa ya san da haka.

Tsawo ma abin dubawa ne. Na 2003 ya kai awa biyu, kuma tsakiyarsa na jan ƙafa: Kraven na ta kumfar baki a cikin katafaren gida, ana ta bayanin wa ya haifi wa, da yadda dattawa uku, Viktor da Marcus da Amelia, ke karɓa-karɓar mulki, ɗaya na mulki na shekara ɗari, sauran biyun na barci. Na 2009 awa ɗaya da rabi ne, miƙaƙƙe kamar sanda: bawa, soyayya, tona asiri, tawaye. Wanda bai san komai game da jerin ba zai iya bin sa ba tare da ya tambayi kowa ba. Abin da zai wuce shi kaɗan ne, kamar su wane ne Tanis mai ajiye tarihin fada, da William da ake ta ambata a matsayin tushen kyarketan da ba sa komawa siffar mutum, da dalilin da ya sa kyamara ke yawan tsayawa a kan abin wuyan Sonja. Duk waɗannan Evolution ne ya yi bayaninsu.

Wannan sauƙin ne ya sa mutane da yawa ke ba da shawarar a fara da na 2009, kuma na fahimce su. Idan ka yi haka, za ka shiga na 2003 kana tare da Lucian tun daga fitowarsa ta farko, kowane kallon da ya yi wa abin wuyan nan zai taɓa ka, kuma idan Selene ta durƙusa gaban Viktor tana kiransa ubangijinta, za ka ji kamar ka shiga allon ka girgiza ta. Wannan wani irin daɗi ne na daban. Amma farashinsa shi ne fim na farko ya tashi daga labarin bincike ya koma labarin jiran jaruma ta gano abin da kai ka sani tun jiya. Awa biyu kana jira.

Ga kuma babbar matsalar. A daƙiƙun ƙarshe na Rise of the Lycans, bayan an gama yaƙi, sai a nuno Selene a saman ginin nan, a kuma saka muryar Kraven daga fim na farko yana faɗin sirrin da na ce zan bari a rufe. Jimla biyu ko uku, shi ke nan, an zubar da abin da na 2003 ya kwashe kusan awa biyu yana ginawa. Waɗanda suka shirya fim ɗin sun ɗauka duk wanda ke zaune a silima ya riga ya kalli na baya, don haka a wurinsu ƙulli ne mai daɗi da ya haɗa ƙarshe da farko. A wurin sabon mai kallo kuwa ɓarna ce da ba ta gyaruwa.

Shi ya sa na ce wa ƙanena ya fara da na 2003. In ya ji duniyar ta kama shi, ya bi da Evolution, sa'an nan ya zo kan na 2009 da sanin su Tanis da William da abin wuyan. Sanin ƙarshen Sonja zai rage masa fargaba, gaskiya ne, amma ba fargaba ce ƙarfin wannan fim ɗin ba, Sheen da Nighy ne, kuma su ba sa raguwa don ka san inda aka dosa. Sanin asirin Viktor kuwa yana kashe na 2003 kusan gaba ɗaya. Asarar ba ɗaya ba ce.

Mutum iri biyu kawai zan ce su saɓa wa wannan. Wanda ya san dare ɗaya gare shi, ba shi da niyyar bin jeri mai finafinai biyar, yana son labari cikakke mai farko da ƙarshe, ya ɗauki na 2009, ya fi tsayuwa da ƙafarsa. Haka ma wanda harbe-harbe da baƙaƙen tufafin fata ba sa burge shi, amma yana son dawakai da takubba da rikicin gidan sarauta. Ko su ɗin, in akwai yiwuwar wata rana su koma kan na farko, su kashe fim ɗin da zarar sun ga jirgin ruwan da ya ɗauke Viktor ya bar gaɓa, kafin Selene ta bayyana.

Ƙanena ya saurare ni har na gama, ya gyaɗa kai, ya tafi ɗakinsa. Washegari da safe ya same ni ina karyawa ya ce, "Yaya, wannan Lucian ɗin namiji ne. Amma wace ce matar nan da aka nuno a ƙarshe a saman gini?"